Ƙwayoyin kaifin ƙwaƙwalwa: a cikinsu wace ce kwalliyarta ke biyan kuɗin sabulu?

Mutum biyu za su iya zuwa da kuka iri ɗaya, "kaina ba ya ja", alhali abin da ke damunsu daban ne. Na farko da ya zauna gaban littafi ko kwamfuta, minti goma ba ya cika hankalinsa ya tafi yawo. Na biyu kuwa yana natsuwa sarai, sai dai abin da ya karanta jiya yau ya bi iska, ko sunan wanda ya sani shekara da shekaru ya maƙale masa a harshe. Na farko tara hankali ne ya gagare shi, na biyu riƙewa. Masu talla sukan zuba su a kwalba ɗaya don hakan ya fi kawo ciniki, amma mai fitar da kuɗinsa ya kamata ya raba su tun da wuri, domin abin da ke taimakon ɗaya sau da yawa babu ruwansa da ɗayan.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani kafin a duba kowace kwalba. A ƙasashe da yawa doka ba ta ɗauki ƙwayoyin ƙarin gina jiki a matsayin magani ba. A Amurka, inda mafi yawan sanannun sunayen suke fitowa, dokar 1994 ta bar kamfani ya kai kayansa kasuwa ba tare da ya fara nuna wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, cewa suna aiki ba. Babban abin da aka hana shi shi ne ya ce kayansa na warkar da wata cuta ko kare mutum daga ita. Shi ya sa za ka ga kalmomi masu santsi irin su "yana tallafa wa ƙwaƙwalwa", maganar da ba ta ɗaure kowa ba.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Hujja ce kan gaba. An gwada abin a kan mutane, ko a kan ɓera kawai? Mutum nawa, tsawon wane lokaci, kuma an kwatanta da waɗanda aka ba ƙwayar wofi ba tare da sun sani ba? Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai a nan, domin duk wanda ya sayi abu da tsada yakan ji kansa ya washe a makon farko. Sannan su wa aka gwada? Sakamakon da aka samu a kan ɗan shekara 75 ba ya gaya wa ɗalibi ɗan shekara 20 komai.

Sai kuɗi, kuma lissafin da ya dace shi ne na abin da za ka kashe kowace rana don kai adadin da aka gwada, ba farashin kwalba ba. Sai ɗorewa ta fuska biyu: yaushe tasirin ke farawa kuma yaushe yake gushewa, sannan shi kansa kayan yana jure ajiya ko yana lalacewa. Sai sauƙin sha. Na biyar haɗari, musamman karo da wasu magungunan da mutum ke sha.

Kafeyin, shi kaɗai ko da tiyanin

Idan maganar natsuwa ce ta awa biyu ko uku masu zuwa, babu abin da ya kama ƙafar kafeyin, sinadarin da ke cikin gahawa da shayi, a hujja, kuma shi ne mafi araha a duk jerin. Yadda yake aiki sananne ne. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke kawo nauyin ido. Kafeyin yana zuwa ya zauna a gurbin da adinosin ke kamawa, sai saƙon gajiya ya kasa isa. Gajiyar tana nan, an dai toshe mata baki na ɗan lokaci.

Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa 60. Kofin gahawa ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 80 zuwa 100, na shayi kusan rabin haka, ƙwayoyin kuma yawanci 100 ne ko 200. Hukumomin abinci na Amurka da na Turai sun tsaya a kan miligiram 400 a rana ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200.

Inda gizo ke saƙa shi ne daɗewarsa a jiki. Yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita. Wanda ya haɗiye miligiram 200 da ƙarfe 4 na yamma, da ƙarfe 9 na dare akwai sauran kusan 100 a jininsa. Wani gwaji na 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. To a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Ka ga ke nan ɗalibin da ya kwana yana kurɓar gahawa ya sayi natsuwar dare da kuɗin haddar gobe. Ga mai ciki da mai shan ƙwayar tsarin iyali, kafeyin yana daɗewa fiye da haka.

Jiki kuma yana sabawa da shi. Bayan 'yan kwanaki ana sha kullum, wani ɓangare na "wartsakewar" da ake ji da safe kawar da kasalar rashinsa ce kawai. Wanda ya daina kwatsam yakan sha ciwon kai cikin awa 12 zuwa 24. Sauran illolin an san su: faɗuwar gaba, rawar hannu, ƙwannafi. Abu ɗaya da zan ce a guje masa gaba ɗaya shi ne garin kafeyin zalla da ake sayarwa a leda. FDA ta yi gargaɗi cewa ƙaramin cokali ɗaya daidai yake da kofin gahawa kusan 28, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Tiyanin kuwa sinadari ne da ke cikin ganyen shayi, an fara gano shi a Japan a 1949. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna cewa idan aka haɗa miligiram 100 zuwa 200 nasa da kafeyin kaɗan, mutane sukan ɗan fi iya tsayawa kan aiki, rawar jiki kuma ta ragu. Gwaje-gwajen na mutane kaɗan ne kuma na 'yan awoyi, har hukumar kula da abinci ta Turai ta ƙi amincewa a 2011 a rubuta cewa yana inganta aikin ƙwaƙwalwa. Ba a san shi da wata babbar illa ba, kuɗinsa matsakaici. Ni a ganina, amfaninsa na ga wanda gahawa ke sa wa fargaba. Wanda gahawa ba ta dame shi ba, ƙarin kashe kuɗi ne.

Cike giɓi: ayon, bitamin B12 da aidin

Nan ne kaɗai za a iya ganin canji mai girma, amma da sharaɗi: sai idan akwai giɓin. Randar da ta cika, ƙarin ruwa zuba kawai zai yi.

Ƙarancin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, shi ne kan gaba wajen jawo ƙarancin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Alamunsa sun yi kama da abin da mutane ke kira mantuwa: gajiya, jiri, kasa tsayawa kan karatu. Wani bincike na 2007 a kan mata 'yan shekara 18 zuwa 35 ya nuna cewa waɗanda ajiyar ayon ɗinsu ta farfaɗo sun fi yin kyau a gwajin hankali da tunawa. Ƙwayar tana da araha sosai, tana jure ajiya, sai dai akan ɗauki wata 3 ko fiye kafin ajiyar jiki ta cika. Tana kawo taurin bayan gida da baƙin kashi, kuma shayi yana rage shigarta jiki idan aka sha su tare. Kada a sha ta da ka. Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar ayon cikin sauƙi, mai sikila ko duk wanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai yana iya kasancewa da shi fiye da kima, kuma idan ƙaramin yaro ya haɗiye ƙwayoyin manya da yawa abin yana iya kai wa ga mutuwa. Gwajin jini ɗaya ya raba gardama.

B12 labarinsa ya fi ban mamaki, domin rashinsa yana iya kwaikwayon gigin tsufa: mantuwa, ruɗewa, ƙaiƙayi ko mutuwar tafin ƙafa, tangaɗi a tafiya. Jiki na buƙatar maikirogiram 2.4 kacal a rana, hanta kuma tana ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke shigowa a hankali ba a lura ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne tsofaffi, waɗanda ba sa cin nama da ƙwai da madara, masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin, da masu shan maganin gyambon ciki irin omeprazole shekara da shekaru. Idan matsalar daga hanji ce, likita yakan koma allura. Araha ne, haɗarinsa kaɗan. A kula dai da kwalaben da suka haɗa dangin bitamin B duka, domin yawan B6 na tsawon lokaci yana lalata jijiyoyi, kuma a 2023 Turai ta sauko da iyakarsa zuwa miligiram 12 a rana.

Aidin na da muhimmanci ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ƙaramin yaro. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 a rana, kuma gishiri mai aidin yakan wadatar.

Bitamin haɗaka na kullum

Shekaru da dama amsar ita ce ba ya yin komai. An bi likitoci maza kusan 6,000 masu shekara 65 zuwa sama na kimanin shekara 12, sakamakon da ya fito a 2013 bai nuna wani bambanci ba. Sai ga binciken COSMOS a Amurka, wanda sassansa uku suka fito tsakanin 2022 da 2024 a kan mutum kimanin 5,000 da suka haura shekara 60. Masu shan ƙwaya ɗaya a rana sun ɗan fi takwarorinsu a gwajin tunawa, masu binciken suka kwatanta ratar da jinkirta tsufan ƙwaƙwalwa da kusan shekara 2. Ratar ƙarama ce, irin wadda gwaji ke gani amma mutum ba lallai ya ji a jikinsa ba, kuma bai nuna an kauce wa gigin tsufa ba. Duk da haka, ga dattijo, abu ne mai araha, ƙwaya ɗaya, haɗari kaɗan. Ga matashi mai cin abinci sosai babu hujja.

Man kifi

Dalilin shahararsa mai kyau ne. Kitsen DHA yana cikin tubalan da aka gina ƙwaƙwalwa da su, kuma an lura cewa masu yawan cin kifi sukan fi daɗewa da hankalinsu. Matsalar ita ce da aka zuba man a ƙwaya aka gwada, sakamakon bai biyo ba. Binciken AREDS2, wanda ya bi tsofaffi kusan 3,500 na shekara 5, ya fito a 2015 babu bambanci tsakanin masu sha da marasa sha. Bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, ta yi a 2012 ita ma haka ta samu ga tsofaffi masu lafiyar ƙwaƙwalwa.

Wajen kuɗi akwai tarko. Kwalba za ta rubuta miligiram 1,000 da manyan baƙaƙe, amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya. A irin na gama-gari, DHA ɗin da ke ciki 120 ne, ɗan'uwansa kitsen EPA kuma 180. Adadin da Turai ta yarda a danganta da aikin ƙwaƙwalwa shi ne miligiram 250 na DHA a rana, wato ƙwaya 3. Kwalbar da ka zaci ta wata uku ce ashe ta wata ɗaya ce. Shi ne kuma mafi raunin ajiya a jerin nan: zafi da haske da iska suna ɓata shi. Fasa ƙwaya ɗaya ka shinshina, idan ƙarnin ya yi tsami, ta tashi daga aiki. Yana sa gyatsa mai ƙarni, kuma a manyan adadi, kamar giram 4 a rana, an ga ƙaruwar rikicewar bugun zuciya. Ɓawon ƙwayar yawanci da jelatin ake yi, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, mai kula da dabbar da aka samo shi sai ya karanta bayan kwalba, ko ya nemi wanda aka tatsa daga tsiron ruwa.

Wanda ba ya cin kifi ko kaɗan yana da dalilin sha. Wanda ke ci sau biyu a mako ya riga ya samu.

Ginko

A cikin ganyayyakin jerin nan babu wanda aka kashe wa kuɗin bincike kamar wannan, kuma babu wanda ya ba da kunya kamarsa. Itacen asalinsa daga Sin ne, tsantsar ganyensa da aka fi gwadawa kuma wani kamfanin Jamus ne ke yin ta da sunan EGb 761. A binciken GEM na Amurka an ɗauki mutum 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, rabi suna shan miligiram 120 sau biyu a rana, aka bi su kimanin shekara 6. Sakamakon 2008: bai rage kamuwa da gigin tsufa ba. Faransa ta maimaita da mutum fiye da 2,800 na shekara 5, a 2012 amsar ta zo iri ɗaya. Tun a 2002 ma an gwada shi na mako 6 a kan mutum 230 masu lafiya da suka haura 60, bai ƙara musu tunawa ba.

Don adalci, akwai gwaje-gwajen da suka nuna ɗan sauƙi ga waɗanda cutar ta riga ta kama, shi ya sa likitoci a wasu ƙasashen Turai suke rubuta shi. Wannan maganar likita ce da majiyyacinsa. Ga mai lafiya da ke neman kaifi, an tambaya da babbar murya, an kuma sami amsa.

Ga shi kuma ba ya rasa haɗari. Ana fargabar zubar jini idan ya haɗu da maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, ana son a daina shi kafin tiyata, mai farfaɗiya kuma ya nisance shi. Mai kyan yana da tsada, mai arahar kuma sau da yawa ba tsantsar da aka gwada ba ce.

Bakofa

Ganye ne da masu maganin gargajiya na Indiya suka daɗe suna amfani da shi, suna kiran sa birahmi. A cikin ganyayyaki shi ne nake ganin ya fi cancantar a saurare shi, ko da yake ba da ƙarfi ba. Wata bita ta 2014 da ta tattara gwaji 9 na mutum kimanin 500 ta sami ɗan ci gaba, musamman a saurin mayar da hankali. Adadin da aka saba gwadawa miligiram 300 ne a rana, kuma sai an yi mako 12 ana sha. Wanda jarrabawarsa saura kwana goma, wannan ba nasa ba ne.

Yana damun ciki: tashin zuciya, murɗa, zawo, musamman idan ba a ci abinci ba. Babbar damuwar ita ce tsabta. Bincike biyu da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2004 da 2008 sun sami dalma ko zaiba ko arsenik a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan gargajiyar Indiya da aka saya aka auna. Neman kaifin ƙwaƙwalwa a haɗiye dalma, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan za a saya, sai mai hatimin wata hukumar awo mai zaman kanta irin USP ko NSF. Hatimin yana tabbatar da abin da ke cikin kwalba ne kawai, bai ce yana aiki ba.

Kiriyatin

Sinadari ne da tsoka ke ajiye ƙarfi da shi, an fi sanin sa a wurin masu ɗaga ƙarfe. Ƙwaƙwalwa ma tana amfani da shi a matsayin ajiyar ƙarfi ta gaggawa. Wani gwaji na 2003 a Ostareliya, a kan mutum 45 da ba sa cin nama, ya nuna giram 5 a rana na mako 6 ya inganta riƙe lambobi a ka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun rabu: an fi ganin alama a tsofaffi da waɗanda aka hana barci, a matasa masu hutawa kuma kusan babu. A 2024 hukumar Turai ta ce hujjar ba ta kai a rubuta a kwalba ba.

Abin da ya ɗaga shi shi ne sauran ma'aunan. Garin yana da araha, yana shekaru bai lalace ba muddin bai jiƙe ba, cokali ɗaya ne a ruwa, kuma an daɗe ana nazarin lafiyarsa. Yana ƙara kilo 1 zuwa 2 na ruwa a jiki. Yana kuma iya ɗaga lambar da ake dubawa a gwajin ƙoda, don haka a gaya wa likita ana sha. Mai ciwon ƙoda kada ya fara sai da izini.

Akwai wasu da ake ta yayatawa da ba zan daɗe a kansu ba. Naman kazan nan mai kama da gemun zaki, shahararsa ta taso ne daga wani gwajin Japan na 2009 mai mutum 30, kuma tasirin ya ja baya da aka daina sha. Ashwaganda, wani tsiron maganin gargajiyar Indiya, ta fi kusa da rage damuwa, an kuma danganta ta da ciwon hanta a wasu mutane, Denmark ma ta hana sayar da ita a 2023.

Kwalaben haɗe-haɗe masu manyan sunaye

Su ne mafi tsada, su ne kuma na fi shakka. Dabarar ita ce a jera sinadari goma sha wani abu, a rubuta jimillar nauyinsu a layi ɗaya da sunan "haɗin sirri", yadda ba za ka san nawa ne na kowanne ba. Yi lissafi da kanka: idan duk haɗin miligiram 600 ne, bakofa kaɗai tana buƙatar 300, tiyanin 200, ina sauran goman za su zauna? Abin da mai sha ke ji a ranar farko galibi kafeyin ne, wanda zai iya samu da ɗan kuɗi kaɗan.

Wani lokacin abin ya wuce cin kuɗi. A 2020 Dakta Pieter Cohen na Harvard da abokan aikinsa suka auna irin waɗannan kayan guda 10, suka sami magunguna 5 da ba a amince da su a Amurka ba, wasu ma ba a rubuta su a kwalbar ba. Ɗaya daga ciki, vinpocetine, FDA ta yi gargaɗi a 2019 cewa yana iya jawo ɓari. Prevagen kuma, wani kayan ƙara tunawa da aka gina tallarsa a kan wani furotin na halittar teku, hukumar kare masu saye ta Amurka da jihar New York sun kai masu shi kotu a 2017, a ƙarshen 2024 kotu ta hana su ci gaba da cewa yana inganta tunawa.

| Abu | Hujja | Kuɗi | Lokacin farawa | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kafeyin | Mai ƙarfi, ga natsuwa | Kaɗan ƙwarai | Minti 30 zuwa 60 | Yana jurewa | Hana barci, sabo |
| Kafeyin da tiyanin | Matsakaiciya | Matsakaici | Awa 1 | Yana jurewa | Na kafeyin |
| Ayon | Mai ƙarfi idan akwai ƙaranci | Kaɗan | Makonni zuwa wata 3 | Yana jurewa | Taruwa a jiki, guba ga yara |
| B12 | Mai ƙarfi idan akwai ƙaranci | Kaɗan | Makonni zuwa watanni | A kare daga haske | Kaɗan |
| Bitamin haɗaka | 'Yar kaɗan, ga masu 60 zuwa sama | Kaɗan | Shekara 1 ko fiye | Yana jurewa | Kaɗan |
| Man kifi | Rarrauna | Matsakaici zuwa sama | Watanni | Yana saurin ɓaci | Bugun zuciya a babban adadi |
| Ginko | An gwada sosai, bai yi ba | Matsakaici zuwa sama | Babu tabbas | Yana jurewa | Zubar jini |
| Bakofa | 'Yar kaɗan | Matsakaici | Mako 12 | A kare daga laima | Ciwon ciki, gurɓata |
| Kiriyatin | A rabe | Kaɗan | Makonni | Yana jurewa sosai | Mai ciwon ƙoda |
| Haɗe-haɗe | Kusan babu | Mafi tsada | Na kafeyin ɗin ciki | Ya danganta | Abin da ba a rubuta ba |

Wa ya dace da me

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke son natsuwar 'yan awoyi: kafeyin kaɗan, miligiram 50 zuwa 100, da hantsi, ba kullum ba, kuma a rufe shagon bayan azahar. Idan yana sa ka rawar jiki, gwada shi da tiyanin ko ka koma shayi. Direban dare da mai aikin kwana su ma nasu ke nan, a farkon aiki ba a ƙarshensa ba, da sanin cewa ba ya maye gurbin tsayawa a runtsa.

Mace mai yawan zubar jinin al'ada, mai ciki, mai shayarwa, ko duk wanda gajiya ta haɗu masa da mantuwa: gwajin jini tukuna, sannan ayon idan an ga ƙaranci. Wanda ba ya cin abin da ya fito daga dabba, B12 wajibi ne a gare shi ko da ba ya jin komai, kuma shi ne wanda kiriyatin da man DHA na tsiron ruwa suka fi yiwuwa su amfana.

Dattijon da ya haura 60, lafiyarsa ƙalau, yana son yin wani abu: bitamin haɗaka ɗaya a rana, a duba B12 ɗinsa, a kuma riƙe hawan jini da suga, waɗanda hujjarsu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta fi ta kowace kwalba. Mai shan maganin tsinka jini, mai farfaɗiya, da mai jiran tiyata su bar ginko. Mai ciki ta bar ganyayyakin da haɗe-haɗen duka.

Mai haƙuri da son gwaji, wanda ya ji ya gani yana son taɓa bakofa ko kiriyatin: abu ɗaya a lokaci ɗaya, mai hatimin awo, a adadin da aka gwada. Kafin ka fara, rubuta wani abin da za a iya ƙirgawa, misali shafi nawa kake karantawa kafin hankalinka ya tashi, ko kalma nawa cikin 20 kake tunawa washegari. Bayan mako 12 ka sake aunawa. Idan lambar ba ta motsa ba, kada ka sayi kwalba ta biyu.

Akwai kuma wanda babu ko ɗaya a jerin nan da ya dace da shi. Wanda ya fara ɓata a hanyar da ya saba bi, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ko iyalinsa ne suka fara lura kafin shi. Wanda ke minshari mai yankewar numfashi ya wayi gari a gajiye. Wanda baƙin ciki ya danne watanni, ko wanda tun yana yaro bai taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Wanda mantuwarsa ta fara bayan an sa shi a kan maganin barci ko maganin mura mai sa gyangyaɗi. Waɗannan asibiti za su nufa, su tafi da duk kwalaben da suke sha a jaka, har da na ganye, likita ya gani da idonsa.